Wayar a hannun wa take?

Ni dai malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta nan cikin Katsina, wajejen Ƙofar Ƙaura, kuma gaskiya kafin 2020 WhatsApp a wurina na barka da Juma'a ne da kallon hotunan biki. Sai korona ta zo, watan Maris aka rufe makarantu, ga 'yan SS3 ɗina WAEC na gabansu kuma ba wanda ya san ranar da za a yi ta.

Mai makarantar ya ce Zoom za mu yi, wai haka ake yi a Abuja. To an yi ɗin. Na sa kaftani har da hula, na jingine waya jikin filas ɗin shayi ina jira. Yara huɗu suka shigo, cikinsu ma ɗaya hotonshi ya daskare baki buɗe har minti 40 ɗin da Zoom ke badawa kyauta suka ƙare. Na yi ta sababi ina cewa yaran yanzu ba su son karatu.

Akwai wata yarinya da duk ajin ba mai kama ƙafarta a lissafi, ita ma ban gan ta ba, abin ya tsaya mani a rai, na ɗauko lambar da ke cikin rajista na kira. Babanta ya ɗauka. Ya ce "Malam ai wayar tana hannuna, ina bakin nema, sai bayan isha'i nake komawa gida, kuma ita kaɗai ce babbar waya a gidan." Na yi shiru. Wato ni ina ta sa darasi ƙarfe goma na safe, wayar kuma tana aljihun uba can waje.

Daga ranar na canza. In samu farar takarda in warware tambaya ɗaya daki-daki da baƙin biro, in ɗauki hotonta a bakin taga inda haske yake, in tura ma yaran ta WhatsApp, sannan in bi ta da saƙon murya da bai wuce minti uku ba, Hausa da Turanci a cakuɗe kamar yadda nake yi a aji. Ba ya cin data sosai, ko sabis na rawa zai sauka a hankali, kuma yaro zai iya maimaita shi sau goma ba tare da kunyar cewa bai gane ba, wanda a aji wallahi ko yanka shi za ka yi ba zai ɗaga hannu ba. Wajen goma na dare sai hotunan littattafansu su fara shigowa, wani an haska da cocilan, wani ga inuwar yatsa a kan amsar. Haka muka lallaɓa har aka fara WAEC ranar 17 ga Agusta.

Guruf ɗin iyaye kuwa wani karatun ne daban. Ka sa sanarwa, kafin awa ɗaya ta nutse ƙarƙashin amin amin da tallar atamfa da faɗan siyasa, dole muka kulle shi sai admin kaɗai ke turawa. A nan ne kuma na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunya, na tura sunayen waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Washegari wani dattijo ya same ni a ofis, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi "Malam, da ka kira ni ai da na faɗa maka uzurina, yanzu har surukina ya gani." Na goge, amma ai an riga an gani. Tun daga nan maganar kuɗi da sakamako da laifin yaro ba su ƙara shiga guruf ba, mutum da wayarshi nake kira.

Sai ga Satumbar 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Dutsinma. Muna da yaran da ke zaune wurin dangi a gari iyayensu na can, sanarwar taron iyaye ko ɗaya ba ta kai ba. Muka koma ma takarda, a ninke a kai tasha a ba direba.

Yanzu duk farkon zango in ina cike rajista, bayan lambar waya akwai layi biyu da na ƙara da hannuna: wayar ta wa ce, kuma ƙarfe nawa take kwana gida. Abokan aikina har dariya suke mani, wai na koma ɗan ƙidaya.