Gatari na huɗu, da abin da bagaruwar Tabalak ta yi masa

'Yan uwa masu koyon ƙira, barkanmu da war haka. Wata uku ke nan da na ƙudura ƙera wa kaina ƙaramin gatarin zango, wanda zai shige jakar goyo ko a ɗaure shi bayan babur a manta da shi sai an sauka daji. Na huɗu ne yanzu a hannuna, kuma shi ne na farko da na iya fitarwa a fada ban ji kunya ba.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina tun farko shi ne duka-duka kada ya haura giram 800, ƙota kuma kada ta wuce santimita 40. Na ari ma'aunin ne daga wani ƙaramin gatari na kamfanin Gränsfors Bruk da ke Suwidin, masu ƙira tun 1902, mai nauyin giram 600 da tsawon wajen santimita 35. A hoto kawai na san shi, amma ya shiga raina har na ɗauka duk gatarin da ba shi da rami a jikin ƙarfe inda ƙota ke shiga, to gatarin ƙauye ne. Wannan raini ya ci mini wata ɗaya da rabi da buhun gawayi.

Na farko daga tsohon kan guduma na buge shi, tunda ramin yana nan a shirye. Ya yi kyau a ido, amma da na ɗora shi kan sikelin mai tumatir sai ga kilo ɗaya da giram 300. Yana gida ana faskare da shi. Na biyu na naɗe ƙarfen sifirin mota na yi masa rami, na nemi in haɗe bakunan biyu da wuta. Bai haɗu ba. Irin wannan ƙarfe yana da taurin kai wajen mannewa da ɗan uwansa, sara uku ya buɗe baki kamar kwaɗo.

Duk wannan a rumfar Baba nake yi, tsohon maƙerin da nake yi wa zuga ranar Asabar a nan Tahoua, shi kuma ya bar ni in taɓa masaɓa idan aiki ya lafa. Bai hana ni ba, bai kuma taya ni ba. Sai ranar da na biyun ya buɗe ya miƙo mini nasa, irin namu na gado: ƙarfe mai faɗin baki da wutsiya mai tsini, an soka wutsiyar cikin kan ƙota mai ƙulu. Ya ce, "Ɗana, auna wanga." Na fitar da ƙarfen na auna shi kaɗai, bai kai giram 400 ba. Amma na sha ganin wannan gatari yana datse reshe mai kaurin damtse a sara huɗu ko biyar.

A nan kaina ya waye. Gatarin Turawa yana tara nauyinsa a ƙarfe, har da dunƙulen da ke bayan rami. Namu kuwa ƙulun itacen ne ke tsaye a bayan baki yana tura shi. Itace ya karɓi aikin da ƙarfe zai yi, kuma a wuri ɗaya nauyin yake, can ƙarshen ƙota inda sara ke buƙatarsa. Mai neman gatari mara nauyi a ƙasar Adar, ashe amsar tana rataye a kafaɗar kowane makiyayi da ke shigowa kasuwar Lahadi.

Sai na koma lissafi. Santimita ɗaya ta ko'ina ta ƙarfe tana da nauyin giram 7.85. Na yanko sifirin mai tsawon santimita 10, faɗi 6, kauri milimita 8, wato giram 377 kafin wuta. Wuta tana cin nata a ɓawon da ke zuba, magagari ma ya ci nasa, sai na yi tsammanin zai tsaya wajen 330. Ku riƙa yin wannan lissafin kafin ku yanka, ya fi a gama aiki a tarar an ƙera kayan jaki. Na buɗe gefe ɗaya ya zama baki mai faɗin santimita 7, na ja ɗayan ya zama wutsiya mai kusurwa huɗu, tana sirancewa a hankali. Kada ku yi ta zagayayya, za ta riƙa juyawa cikin ƙota.

Na uku haka ya fito, kuma da hannuna na kashe shi. Baba ya tafi sallar La'asar, ni kuma na ga ƙarfe ya yi ja, ga kwatarniyar ruwa a gefe, na tsoma don ya yi tauri. Na ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta tashi daga baki ta yi rabin jiki. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ya juya shi sau biyu da awartaki ya ce, "Wanga ƙarhe ba ruwa yaka sha ba, mai yaka sha." Garma da lauje na ƙarfe mai laushi suna jure ruwa. Sifirin kuwa sinadarin gawayi (carbon) da ke cikin jikinsa ya fi yawa, ruwa yana sanyaya shi da saurin da ba ya iya ɗauka.

To ga yadda na bi da na huɗu, a tsanake. Bayan na gama bugu na zuga shi ya yi ja na bar shi ya huce a iska, har sau uku, don jikinsa ya saki wahalar masaɓa. Sai na jira bayan Magariba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a hasken ranar Tahoua, ko cikin rumfa kake, ƙarfen da ya riga ya wuce zafi sai ka gan shi kamar bai fara ja ba. Na ɗaure mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika a bakin waya ina taɓa shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 770 maye ba ya kamawa, kuma abin da ake nema ya ɗan haura nan, kusan 830. Da ya daina kamawa na ƙara masa zuga kaɗan, na tsoma bakin a gwangwanin man gyaɗa da na riga na ɗumama, ina motsa shi sama da ƙasa. Baƙin man mota ma wasu na amfani da shi, amma hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne. Da ya huce na goga magagari a baki, ya zame kamar kan kwalba.

Ƙarfe a wannan hali tauri gare shi irin na tangaran, sai an sassauta shi. Na goge gefe ɗaya ya yi fari, na ɗora wutsiyar kan garwashi, bakin yana waje, na zura ido. Launi yana tasowa daga wajen zafi yana rarrafe zuwa baki: na farko kamar busasshen karan gero, sai ya koma ruwan ƙasa, sai shuɗi mai ja-ja, sai shuɗi sosai. Ni da na karan gero ya iso baki, wajen digiri 220 ke nan, na tsoma shi na tsayar, ina taƙamar zai riƙe kaifi.

Ƙota ta aduwa ce, reshen da Baba ya ajiye tun bara a rufin rumfa, mai ƙulu inda rassa biyu suka rabu. Wurin nan jijiyoyin itace a murɗe suke, shi ya sa ba ya saurin tsagewa. Ɗanyen itace kada ku kusance shi, hunturu ɗaya zai motse ya dare. Na huda ramin da wani ƙarfe daban mai siffar wutsiyar, ina ƙona shi kaɗan-kaɗan ina kankare baƙin. Na sassaƙe ta da gizago har ta dawo giram 410, tsawo santimita 40. Ƙarfe ya tsaya 335. Jimla 745.

Makon jiya muka kwana bakin tabkin Tabalak, a hanyar Agadez, mu huɗu da butar shayi. Ni busasshe kawai nake sara, wanda ya riga ya faɗi. Gawo ko kallonsa ba na yi da gatari a hannu, ba don tsoron ma'aikatan gandun daji kaɗai ba, duk wanda ya ga geron da ke fitowa ƙarƙashinsa ya san dalili. Sabara da geza gatarin ya wuce su kamar yankan kabewa, har abokan suka fara layin sai an yi musu nasu. Sai muka samu wani tsohon kututturen bagaruwa. Sara na shida na ji sautin ya canza. Na haska fitilar waya, ga giɓi biyu a baki, kowanne kamar ƙwayar gero. Karin maganar nan ta a riƙa sara ana duban bakin gatari, ranar ba a matsayin karin magana na ji ta ba.

Laifi biyu ne, duka nawa. Na wasa bakin siriri, kusurwarsa wajen digiri 20, irin na wuƙa, saboda ina son in aske gashin hannu a gaban mutane. Na kuma bar shi da tauri fiye da kima. Gatarin da na kwaikwaya a hoto an yi shi ne a ƙasar da yawancin itatuwanta masu laushi ne. Busasshiyar bagaruwa, ga tauri ga yashin da iska ta cusa mata a kowace tsaga, wata aba ce daban.

Gyaran ya zo da sauƙi, kuma nan ma gatarin gado ya nuna kansa. Na buga ƙeyar ƙota a dutse sau biyu ƙarfen ya faɗo, abin da mai rami ba zai yi maka ba sai ka ɓata ƙota. Na mayar da shi kan garwashi, wannan karon na bari ruwan ƙasa ya iso baki, shuɗi mai ja-ja yana biye, wajen digiri 260. Magagari yanzu yana ɗan cizonsa. Na cinye giɓin, na sake wasa shi ya koma wajen digiri 30, kumatunsa da ɗan tudu maimakon shafaffe, don a samu nama a bayan kaifi. Da ma'aunin kusurwa na ɗiyata 'yar firamare na auna, ta tsaya a kaina har na mayar mata. Na gwada shi a guntun bagaruwar da na ɗauko musamman daga Tabalak: sara hamsin, babu giɓi. Ba ya aske gashi kuma, ban damu ba.

Abin da har yanzu bai yi mini ba guda biyu ne. Wutsiyar tana leƙowa ta baya, don haka ba a buga turkun tanti da ƙeyarsa sai da gefen ƙulu, kuma gefen ya fara tauna. Na biyu ya fi damuna: wata siririyar tsaga ta fito a saman ramin, tsawon farce. Kowane sara yana ƙara cusa wutsiya ciki, tana neman buɗe itacen. Baba ya ce in jiƙa ɗanyar fatar bijimi in naɗe sama da ƙasan ramin, idan ta bushe za ta ƙanƙame shi. Zai ƙara giram 20 ko 30, ina da sararinsu. Fatar tana cikin bokiti tun jiya da dare, gobe da safe zan naɗa, sannan in wuce wajen baduku ya auna bakin don kube.