Daren da hannuna ya riga kaina

Yau na miƙa katin aiki na bar kamfanin jiragen saman da nake wa tuƙi, kuma wallahi cikin duk shekarun nan abin da ya fi tsaya min a rai wani daren simuleta ne, wato na'urar da ake gwada matuƙa a cikinta kamar a jirgin gaske. Wanda ya yi aikin ya san yadda abin yake, ƙarfe biyu na dare, an kwashe awa uku ana gasa ku, sannan a kashe maka inji daidai bayan V1, wato saurin da in jirgi ya kai shi a titi ba sauran tsayawa, sai tashi.

Injin dama ya mutu, jirgi ya karkata, na taka fedal don in miƙar da shi, har nan lafiya lau. Na'ura kuma ta riga ta yi nata, ta juya fukafukan farfelar don kar ta riƙa ja mana baya, allo ya rubuta lamba 2, wato injin dama, ɓaro-ɓaro da ja. Ni kuwa zuciya na dukan uku-uku, sai kawai hannuna ya tafi kan libar injin hagu, mai lafiyar, na ce kyaftin ka tabbatar, ya ce ja, ko kallon hannun nawa bai yi ba. Na ja. Shiru ɗin da kokfit, ɗakin matuƙa, ya yi har yau ina jinsa a kunnena.

Mai jarrabawar ya kira ni ni kaɗai, ya ce “kai yaro hannunka ya fi kanka sauri”, ya kada ni. Kyaftin ɗin da aikinsa shi ne ya duba kafin a taɓa komai? Ya wuce sumul, tare suka yi makaranta ai. Laifina ban musa ba, amma laifin mutum biyu ne aka ɗora wa ɗaya, wata shida ana nuna ni da baki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san labarin nan tun a aji. Kegworth a Ingila, 1989, Boeing 737, aka kashe injin mai lafiya, mutum 47 suka rasu. TransAsia a Taiwan, 2015, ATR 72, injin dama ya daina ja, matuƙin ya cire otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya rage na hagu har suka kashe shi, jirgi ya faɗa kogi, mutum 43. Na karanta, na ci jarrabawa a kai, na kuma maimaita shi sak da hannuna.

Masu cewa na'ura ce ta lalata matuƙa, ni dai a daren nan ita ce ta yi daidai. Amma kuma ba ita ke yanke shawara ba, a 2009 ba kwamfuta ce ta ce wa Sullenberger, matuƙin nan na Amurka da injinan jirginsa biyu suka mutu, ya nufi kogin Hudson ba, shi ya duba ya ga ba zai kai fili ba, mutum 155 suka tsira. Otofailot in yana riƙe da jirgi da kyau ka bar shi, ka samu sararin karanta allo, ido dai na kan saurin jirgin.

Sauran darussan ƴan kaɗan ne. Cekilis, wato jerin matakan da ake bi a rubuce, ba a karanta shi da ka. Kar ka yarda a sa ka simuleta ba ka yi barci ba.

Bayan na zama kyaftin, duk mataimakin da ya ce min in tabbatar, sai na sunkuya na kalli libar, na kalli allo, na faɗi lambar injin da ƙarfi kafin in ce ja. Wasu har ƙorafi suka kai wai ina ɓata lokaci, a gaban mutumin nan da ya kada ni. Bai taɓa kirana a kai ba.