Kogin da Ya Ɓatar da Laftanar Strain

Kwana uku ke nan ina fama da wata tsohuwar taswirar Darien da na ci karo da ita a intanet. Na yi ta ƙara girmanta a kwamfuta har koguna suka koma kamar igiyoyi, ina bin su da yatsa. Na ɗan taɓa aikin safiyo ina saurayi, riƙe sanda da jan tef, shi ya sa duk layin da na gani a taswira sai na tambayi kaina: wanda ya ja shi ya taka wurin da ƙafarsa, ko daga kan kujera ya zana?

A Darien, ƙungurmin dajin nan na gabashin Panama, tambayar ta ci rayuka. Wajen 1850 wani likita ɗan ƙasar Ailan, Edward Cullen, ya cika Landan da labarin cewa ya ratsa daga gaɓar Caledonia ta tekun Atlantika zuwa San Miguel ta tekun Fasifik, kuma tudun da ke tsakani bai wuce ƙafa 150 ba. Masu neman inda za a haƙa wa jiragen ruwa mashigi suka hau kai suka zauna. A Janairun 1854 Laftanar Isaac Strain na sojan ruwan Amurka ya kutsa dajin da ayarin mutum 27 da guzurin kwana goma. Maimakon ɗan tudun Cullen, sai ga duwatsu, mafi ƙanƙantarsu ya kai ƙafa 1000. Da suka gangara ɗaya gefen suka tarar da kogi, suka ce ai Savana ne, wanda zai sada su da teku nan da nan. Ashe Chucunaque ne.

Shi na fi daɗewa ina bi da yatsa. Ba ya nufar teku kai tsaye, gefe yake bi yana murɗe-murɗe kamar maciji ya sha sanda, sai can ya faɗa kogin Tuira. 'Yan ƙasar da suka gamu da su sun ce musu ba hanya ba ce, Strain ya ɗauka yaudararsa ake son yi. Kwana 49 ba a ji ɗuriyarsu ba. Sun ci kwaɗi, sun ci wata ƙwarar kwakwa mai tsamin da ya cinye musu haƙora, wasu kuma a dajin aka bar gawarsu. Sojojin ruwan Ingila ne suka ceto ragowar.

Wanda ya ɗauki batun mashigin da gaske shi ne Shugaban Amurka Ulysses Grant. Shi ma ya san wurin, don a 1852 ya ratsa Panama da rundunarsa, kwalara ta yi musu ɓarna a hanya. Daga 1870 zuwa 1875 ya tura ayari bakwai na masu awo. Cikin jagororinsu, Selfridge ya nufi Darien da kogin Atrato, Shufeldt ya auna Tehuantepec a Meziko, Lull da injiniya Menocal suka bi kogin San Juan da Tafkin Nikaraguwa, daga baya Panama. Aiki ne na sarar daji da adda, a kafa na'ura, a rubuta tsawo, a matsa gaba, a sake. Tehuantepec ta faɗi da wuri, domin sai an gina matakalar ɗaga jirgi, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi da ake cikawa jirgi ya hau tudu, wajen 140. Darien ba ta da ƙofa a tsakanin duwatsunta. A 1876 kwamitin da ya duba rahotannin ya zaɓi Nikaraguwa baki ɗaya, saboda ga tafki Allah ya riga ya haƙa, ga San Juan yana kwararowa daga cikinsa zuwa Atlantika.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk wannan gumi bai yi tasiri a taron Paris na 1879 ba. Ferdinand de Lesseps, wanda sunansa ya gama duniya saboda haƙa mashigin Suwez, ya kafe a kan sai mashigi daidai da doron teku a Panama, ba matakala ko ɗaya, alhali a lokacin ko sau ɗaya bai taɓa zuwa can ba. Menocal ya tashi ya yi bayanin ambaliyar kogin Chagres da ke kan hanyar Panama. Wani injiniya Bafaranshe, Godin de Lépinay, ya ce kada a yi kokawa da kogin, a datse shi ya zama tafki, jirage su hau su sauka. Aka yi kunnen uwar shegu da su, aka bi de Lesseps da ƙuri'a 74 da 8. A Nuwamban shekarar Chagres ya cika ya haura ƙafa 40 cikin 'yan kwanaki, ya shanye layin dogo. De Lesseps ya iso a ƙarshen Disamba, rani ya shigo, ya ga kogi a kwance lafiya lau. Kamfaninsa ya durƙushe a 1889, bayan zazzaɓin shawara da na cizon sauro sun kashe dubban ma'aikata.

Ita ma Nikaraguwa ba awo ne ya kayar da ita ba. A 1902, bayan dutsen Pelée ya yi aman wuta a tsibirin Martinique, Bunau-Varilla mai tallan Panama ya aika wa sanatocin Amurka, da ke shirin zaɓar inda za a haƙa mashigin, kan sarkin Nikaraguwa mai hoton dutsen Momotombo yana hayaƙi. Panama ta ci da ƙuri'a 42 da 34.

Mashigin da aka buɗe a 1914 kusan shawarar de Lépinay ce tsaf: madatsar Gatun ta tare Chagres, tafkin ya tsaya ƙafa 85 sama da teku. Duk jirgin da ya wuce, da ruwan kogin ake ɗaga shi, ruwan kuma ya tafi teku. Shi ya sa da aka yi fari a 2023 sai da aka rage yawan jiragen da ke wucewa a rana, manyan jirage suka yi layi suna jiran damina ta sauka a kan Chagres.