Sassabin Zamani a Gonar Kawu

Na fara cin karo da sunan Tony Rinaudo ne lokacin da nake haɗa kundin digirina na biyu kan gandun daji. Kusan duk takardar da na buɗa game da farfaɗo da ƙasar da ta gaji, sai na ga an kafa hujja da aikinsa. Mu a jami'a da wannan muke auna nauyin mai bincike, wato mutum nawa suka ambace ka. Ni ma a lokacin kullum sai na leƙa Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga wannan ambato, don 'yar takardata guda ɗaya. Sau biyu aka ambace ta, ɗaya ma ni ne da kaina.

Rinaudo ɗan Ostareliya ne da ya zo yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana dashen itatuwa, dashen kuwa ya yi ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk bazara tofon itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Ba sai an dasa komai ba: ka zaɓi tofo mai ƙarfi, ka yi masa aski, ka bar shi ya tashi. Mutanen Nijar suka raɗa wa abin suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a can ta wannan hanya, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Da zafina na dawo Daura, na nufi gonar kawuna da ke kan hanyar Mai'aduwa. Na zuba masa bayani har na gaji. Ya saurara, sannan ya nuna wani ƙaton gawo da sandarsa.

"Yaro, wa ya dasa wancan?"

Na ce ban sani ba.

"Ba wanda ya dasa shi. Kakanka ne ya ƙi sare shi. Je ka duba geron gindinsa da kaka."

Gaskiyarsa. Gawo yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Kawu ya san wannan tun ba a haife ni ba. Kalgo da sabara ne bai yarda a bari ba. Dalilinsa kuwa ba na noma ba ne: tun suna samari suka taso da tsoron cewa idan itace ya girma a gonarka, ranar da ka sare shi tara za a ci ka. Gara ka kashe shi yana ƙarami. Wannan magana ta fi duk abin da na karanta yi min amfani.

Da kyar ya yanka min gefen gona. Shekarar farko na sha kunya. Addata ba kaifi, ina kuma sara daga sama zuwa ƙasa, ɓawon ya riƙa yagewa. Daga baya na gane daga ƙasa ake ɗaga sara, da wuƙa ko lauje mai kaifi. Sannan tsabar son a ga tsari, tofo ɗaya tak nake bari a kowane kututture. Da aka saki dabbobi bayan girbi, awaki suka yi min aski na biyu. Ya kamata in bar uku zuwa biyar.

Babban kuskurena shi ne ban yi magana da kowa ba sai kawu. Yaran da ake aika neman itacen girki suka ga sanduna miƙaƙƙu, an gyara musu, suka kwashe. Ban ga laifinsu ba, tukunya ba ta jira. A shekara ta biyu muka je wurin mai unguwa, aka kira matan maƙwabta da Fulanin da ke sauka a gonar da rani. Muka ɗaura jan ƙyalle a kan duk tofon da aka bari, rassan da muka aske kuma muka tara su gefen hanya, mai so ya ɗiba. Ba a daina sata ba gaba ɗaya, amma ta ragu.

Yanzu kalgon ya wuce tsayina, iskar farkon damina kuma ba ta binne shukar wannan gefen da yashi kamar da.

Bazarar da ta wuce na tarar da maƙwabcin gonarmu durƙushe a gindin sabara yana rage mata rassa. Ya ce wurin Alhaji ya gani, wato kawu. Na tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Rinaudo.

"Ɗan wane gari ne?" in ji shi. Kafin in amsa ya ce, "Malam, riƙe min reshen nan in yanka."