Lambar da ke jikin inji: abin da na gani a wata Corvette ta 1967

Jama'a kwana biyu shiru, aiki ne ya sha kaina wallahi. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san shekara shida ke nan ina aiki a wani ƙaramin gareji a jihar Ohayo nan Amurka, kuma ba gyaran motocin yau da kullum muke yi ba, tsofaffin motoci ne na shekarun 1950 zuwa 1970 da masu su ke so a tayar musu su dawo kamar ranar da suka fito daga kamfani. To satin da ya wuce wani abu ya faru da har yanzu yana raina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Wani kwastomanmu ne ya ga tallar wata Chevrolet Corvette ta 1967, mai ita ya rubuta cewa injinta na asali ne, babban nan da ake kira 427 (lambar girman injin ke nan) mai ƙarfin doki 435, mai kafireto uku. Kwastoman ya ce ba zai biya ko sisi ba sai maigidana ya je ya duba, maigida kuma ya ce in ɗauko tocila da madubin ƙara girma in biyo shi. Tafiyar awa uku muka yi.

Kafin in faɗi abin da muka tarar sai na ɗan yi bayani, don in ba haka ba mutum zai ce wai meye abin wahala a duba lamba. A shekarar 1967 Corvette 22,940 aka ƙera gaba ɗaya, a cikinsu 3,754 ne kawai suka fito da wannan injin na 435. Akwai ma wanda ya fi shi wuya, L88, guda 20 tak aka yi a shekarar, ɗaya daga ciki an sayar da ita dala miliyan 3.85 a gwanjon Barrett-Jackson a 2014. Ita 435 ba ta kai can ba amma tsakaninta da mai ƙaramin inji 327 kuɗin yakan kai ninki. Matsalar kuma ita ce lambar shasin motar ba ta faɗin wane inji aka saka mata, sai a 1972 Chevrolet ta fara saka harafin inji a cikin lambar. Ka ga ke nan duk wanda ya samu mai 327 zai iya sayo bonet ɗin babban inji, ya nemo tsohon bulok na 427, wato gangar jikin injin, ya ɗora, ya manna tambari, a ido shi ke nan ta zama. Masu harkar nan suna yawan faɗin cewa 435 ɗin da ke yawo yau sun fi waɗanda kamfanin ya ƙera yawa, kuma ni da abin da na gani a shekara shidan nan na yarda da su.

Saboda haka kowa sai ya koma kan wani ɗan fili a jikin bulok, a gaba ta gefen fasinja, dab da kan silinda, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Lamba biyu ake bugawa a nan. Ta farko a masana'antar haɗa inji, harafin farko na nuna garin, T na Tonawanda a jihar Niyok inda a lokacin ake haɗa manyan injuna, ƙananan kuma a Filint ta jihar Mishigan, da F ake sa musu sai a 1967 aka koma V. Bayan harafin sai wata da rana, sai haruffa biyu da ke faɗin irin injin, JE na 435, IT na L88. Lamba ta biyu kuma a Sent Luwis, garin da ake ƙera Corvette a wancan zamanin, ake buga ta lokacin da aka haɗa injin da motar, wato wutsiyar lambar shasi. In waɗannan sun yi daidai da motar shi ne ake cewa lambobinta sun dace, kuma a kan wannan kalmar kaɗai mutane ke zuba dukiya.

Mun isa, wani saurayi ne mai kirki ya tarbe mu, motar ta mahaifinsa ce da ya rasu bara, ya ce tun yana yaro yake ganinta a garejin gidansu, uban ya saye ta ne wajajen 1988. Ja ce, tana sheƙi, da ya tayar da ita sai da na ji ƙarar a ƙirjina. Na goge filin da tsumma da ɗan fetur na haska, T0315JE, ga wutsiyar shasi a gefe ta yi daidai lamba da lamba. Ni dai raina ya yi fari, na ɗago na ce wa maigida ai ta yi. Bai ce komai ba, ya karɓi tocilar ya kwantar da ita a gefe yadda hasken zai bi saman ƙarfen a kwance, ya ce in daina karanta lambar in kalli abin da ke ƙarƙashinta.

Nan ne ainihin ilimin yake. A masana'anta wani ƙaton inji ne ke aske saman bulok da bi ɗaya a miƙe, sai ya bar wasu siraran layuka masu tafiya daga gaba zuwa baya, ba su da zurfi, wani sa'in sai ka juya haske sau uku kafin su fito. Ni ina kwatanta su da tsagar gado a fuska, wadda dattijo zai kalla ya faɗa maka gidan da ka fito ko ba ka buɗe baki ba. In aka kai bulok wajen masu gyaran ƙarfe suka sake aske shi, injinsu juyawa yake yi, sai ya bar zane mai lanƙwasa kamar bakan gizo, kuma tsohuwar lambar ta tafi tare da askin. A wannan motar layuka a miƙe suke, amma sun yi kyau fiye da kima, tazararsu ɗaya zurfinsu ɗaya, kuma a can bakin filin inda ya kusa shiga ƙarƙashin kan silinda sai ga guntun zane mai lanƙwasa ya leƙo. Wato an aske, sannan wani ya zauna ya ja sabbin layuka don su yi kama da na kamfani, sannan ya buga lamba.

Duk da haka maigida bai yanke hukunci ba, ya ce zane abu ne da masana biyu za su iya yin gardama a kansa har dare. Ya sa na shiga ƙarƙashin motar in nemo ranar da aka zuba narkakken ƙarfen bulok ɗin, ita ba bugawa ake yi ba, tare da ƙarfen take fitowa a kumbure. Harafi ne na wata, A Janairu, B Fabrairu haka haka, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Na kankare datti na karanto masa E 10 7. Goma ga Mayu 1967. Lambar sama kuwa ta ce an haɗa injin 15 ga Maris. Ta yaya za a haɗa inji wata biyu kafin a zuba ƙarfensa? Ɗa ai ba ya girme uwarsa. Tsarin da kowa ya sani shi ne zubi ya riga haɗi, haɗi ya riga ranar da mota ta fito, har alƙalan ƙungiyar NCRS, wadda aka kafa a 1974 don irin wannan bin diddigin, suna ba da tazarar da ba ta wuce wata shida ba tsakanin zubi da fitowar mota.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fuskar yaron nan. Bai san komai ba, kuma ina da yaƙinin mahaifinsa ma ya koma ga Allah yana ganin injin asali ne da shi. A ƙarshen shekarun 1980 farashin motocin nan ya yi tashin gwauron zabi, a lokacin ne masu buga lambar jabu suka yi kasuwa sosai, sun ci kuɗinsu sun wuce, sai yanzu bayan shekara talatin da wani abu abin ya faɗo kan maraya.

Da dare na kira Kawu a Kaduna, shi tsohon bakanike ne, rayuwarsa duk a kan Peugeot 504 ta ƙare, tun ana haɗa su a kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975. Na ba shi labari tiryan tiryan. Ya ce ɗana, inji ai abin canzawa ne, mota nawa na sauke wa inji na ɗora wani mai ita ya yi ta godiya. Na ce haka ne Kawu, nan ma ba canjin ne laifi ba, motocin nan an yi tsere da su, da yawa sun fasa inji tun suna sababbi, kamfanin da kansa yana ba da bulok na canji. Ya ce to in dai haka ne wanda ya goge lamba ya buga wata shi ne ɓarawo, mu ma a zamaninmu akwai masu yi wa injin sata haka don ya dace da takarda in 'yan sanda sun tare, kuma da farce muke gane su, ka ja farcenka a wurin za ka ji ya lotsa. Wallahi na yi mamaki, abin da maigida ya nuna min da tocila shi ne Kawu yake yi da yatsa shekara arba'in da suka wuce.

Wani zai ce me ya sa ba za a tambayi kamfanin ba kawai. Masu Jaguar E-Type suna da wannan gatan, ka tura lambar shasi a ba ka takardar shaida daga kundin masana'anta mai ɗauke da lambar inji da launin da motar ta fito da shi. Porsche suna da tsofaffin katunansu na Kardex, Ferrari kuma tun 2006 suka buɗe sashen Classiche da ke duba mota ya ba da shaida. Corvette ta zamanin Sent Luwis ba ta da irin wannan cikakken kundin da za ka nema, abin da NCRS ke iya ba ka shi ne ranar da aka ƙera motar da dilan da aka aika wa, ban da irin injin. Shi ya sa duk wata 'yar takarda da ta tsira take da daraja, katin garanti mai ɗan ƙarfe da ake kira Protect-O-Plate, rasiɗin dila, sai kuma babbarsu, takardar odar da ma'aikata suka fara mannawa a saman tankin mai daga 1967, wadda ta lissafa duk abin da aka saka wa motar.

Yaron ya kira mu bayan kwana biyu, ya ce ya cire tallar ya sake rubuta ta, ya sa cewa injin 427 ne na shekarar amma ba wanda motar ta fito da shi ba. Kwastomanmu ya ce shi har yanzu yana so, suka daidaita a kan farashin da ya yi ƙasa sosai da na farko, jiya aka kawo ta garejinmu a bayan tirela. Maigida ya leƙa da ƙaramin madubi ta wajen murfin tanki ya ce yana hango gefen wata takarda da ta yi launin ƙasa. Ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu sauke tankin a hankali, ni aka ba wa aikin ɗaukar hoto kafin kowa ya taɓa ta.