Godiya ga waɗanda suka tsaya min kan motar yankan ciyawa

Salamu alaikum 'yan uwa na Jidda da kewaye. Alhamdu lillahi motar yankan ciyawa ta istirahar da nake aiki, wato gidan shaƙatawa da ake haya don biki, ta tashi, sitiyari ya dawo daidai, an yi aski fes kafin masu biki su zo daren Alhamis. Na ce wallahi ba zan yi shiru ba sai na fito na gode wa mutanen da suka tsaya min.

Ga wanda bai san me ya faru ba, irin motar nan ce da ake hawa a zauna kamar ƙaramar tarakta, to kawai sitiyarinta ya fara wasa, ka murza dama sai ka ji ƙaras ƙaras tayoyin gaba ko gezau, daga baya ma juyawa yake a banza kamar faifai. Wani shago da aka fara kaiwa suka ce sai an canja kayan sitiyarin gaba ɗaya kuma sai an yi oda daga waje, ga mudir, wato manajanmu, ya fara maganar cirewa a albashi, kun dai san yadda abin yake.

Godiya ta farko ga Baba bakanike na sana'iya, unguwar masu gyaran motoci da injuna, Allah ya ƙara girma. Dattijon nan ya rufe warsharsa, wato garejinsa, bayan la'asar ya biyo ni cikin wannan zafi da gumin Jidda. Kafin ya taɓa komai sai da ya zare wayar fulogi, ya ce yaro, abin da ke da wuƙa a ƙasa ba a yi masa ganganci. Ya sa jak ya ɗaga gaba, ya kama taya yana girgizawa, ya duba tayarod da boljoyin, wato ƙarafan da ke haɗa sitiyari da taya, duk lafiyarsu lau. Sannan ya ce in hau in murza a hankali shi kuma ya kwanta a ƙasa da tocilan a baki. Ashe sandar sitiyarin a ƙasanta akwai ƙaramar giya da ke tafiya kan wata babba mai rabin da'ira, to bushin ɗin da ke riƙe sandar ne ya cinye, sandar na kaucewa, haƙora na tsallake juna. Ya lakato tsohon giris ya murza min a yatsa, duk yashi ne a ciki, ya ce ga ɓarawon nan, ƙurar garin nan in ta haɗu da giris ita ke cin ƙarfe. Babbar giyar ma ba ta mutu ba, ƙaramar ce haƙoranta suka lashe. Bushin da ƙaramar giya kawai aka canja, fa!

Sai Kawu mai dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, da ya yi ta yawo da tsohuwar giyar a aljihu, har tashlihin Bariman, wato kasuwar kwancen matattun motoci, ya leƙa duk da can kayan motoci ne, ƙarshe a wajen masu sayar da kayan noma ya samo daidai ita, kuɗin mai ma ya ƙi karɓa. Kawu Allah ya biya ka da Aljanna. Da ƙanina da ya riƙe sufana yana ta surutun ƙungiyar ƙwallo ta Ittihad, kai ma na gode, ko da yake surutun ya fi aikin yawa.

Da aka ɗaura Baba bai tafi ba sai da ya daidaita iskar tayoyin gaba, don ya ce in ɗaya ta fi ɗaya iska mota za ta riƙa ja gefe ka ɗauka sitiyari ne, ya kuma nuna min inda ake ɗura giris a ƙafafun gaba.

Yaya da ta aiko mana da masa da miya har wajen aiki, Allah ya raya zuri'a. Baba jak ɗinku na nan wajena, in sha Allahu zan kawo bayan sallar Juma'a.