Kafin Ka Buɗe Baki, Dubi Waɗanda Ke Zaune

Ƙannena da kuka samu gurbin karatun sadarwa a jami'a, ku sani wannan karatu ba a gama shi a kan takarda. Mutum zai iya cin jarrabawa da maki mai kyau, ya fito bai iya tsayawa gaban mutum ashirin ya yi maganar da za ta shiga kunnensu ba. Saura ƙiris ni ma in fito a haka.

Na iya hadda, makarantar allo ta hore ni. Sai na bi takardun lacca ina haddacewa. Na san Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce abu uku ke sa a karɓi magana: mutuncin mai yin ta, yadda ta taɓa zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujjarta. Na san tambayoyi biyar da masanin sadarwa Harold Lasswell ya jera a 1948: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, kuma me ya biyo baya. Amma duk ranar da aka raba mu rukuni-rukuni don gabatar da aiki a gaban aji, ni ne mai cewa, "Ku bar min rubutun, wani ya yi bayanin." Ina ganin wayo na yi. Ashe wurin da kuskure ya fi araha nake gudu, inda masu dariyar abokaina ne, malami kuma aikinsa ke nan ya gyara ni.

Lokacin SIWES, shirin da ake tura ɗalibai wuraren aiki su koya a aikace, asirina ya tonu. Na bi wata tawagar wayar da kai kan rigakafin yara zuwa wani ƙauye, aka ba ni jawabi. Na rubuta shi da Turanci, ina juya shi Hausa a kaina. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na faɗa lissafi da manyan kalmomi, idona a kan takarda, takardar kuwa sai karkarwa take. Da na gama, wani dattijo ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗan nan, mun ji karatu. To, me kake so mu yi?"

Ban da amsa. Malamin asibitin da muka zo tare ya miƙe. Ya ce wa mai unguwa ranka ya daɗe, ya tambayi damina da lafiyar iyali, ya tuna musu yadda ƙyanda ke kwantar da yara idan zafi ya shigo. Sannan ya faɗi rana, ya faɗi wuri, ya ce kowace uwa ta zo da katin ɗanta. Bai fi ni sanin littafi ba, amma ya san su waye a gabansa. Tambayar Lasswell ta huɗu ke nan, wadda na sha rubutawa a jarrabawa ban taɓa yi wa kaina ita ba.

Don haka ku nemi duk inda za a ba ku makirufo. Ku shiga ƙungiyar muhawara. In jami'arku na da gidan rediyo, ku yi ta sintiri har a saba da fuskarku. Ku naɗi muryarku a waya ku saurara. Za ku ji "wato" da "ka gane" da ba ku san kuna yi ba, da yadda kuke haɗiye ƙarshen jimla. Kada ku haddace jawabi kalma da kalma, don kalma ɗaya na ɓacewa sauran za su bi ta. Ku riƙe gaɓoɓi uku ko huɗu a ƙaramar takarda, ku ɗaga kai.

Ke kuma ƙanwata, kunya ado ce, amma ba ta hana ki ɗaga murya na bayan aji su ji ki.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne raina Hausa da na yi, ina zaton ai da ita aka haife ni, ba sai na koya ba. Hira daban, jawabi daban. Hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta raba karatun sadarwa zuwa fannoni bakwai a 2020, har da talla, hulɗa da jama'a, watsa shirye-shirye da sadarwar raya al'umma. Kowanne kuka ɗauka, in a Arewa za ku yi aiki, mafi yawan masu sauraronku da Hausa za su ji ku. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da su, kunnensu ya saba da Hausa mai kyau, nan take suke gane wadda aka jawo daga Turanci. Ku riƙa sauraron masu karanta labarai da biro a hannu. Ku lura da inda limami ke dakatawa a huɗuba, da yadda sanƙira ke tsayar da hayaniyar ɗaurin aure. Duk aikin da aka ba ku da Turanci, ku samu wata gwaggo a gida ku yi mata bayaninsa da Hausa, sannan ku roƙe ta ta maimaita muku abin da ta ji.